Mayafin Sajan Nu'man

Shekara talatin ina guga a shagon yayana Muhyiddeen a nan unguwar Briqueterie, ban taɓa ganin ya bar zare ɗaya yana reto a jikin riga ba. Mutum ne da zai farke wuyan riga sau uku don layi ya kauce da faɗin ƙwayar shinkafa. Tun daga unguwar Messa har ta Cité Verte, in aka ga ɗinki a miƙe sar, an san daga hannunsa ya fito, shi ma ya san an sani, abin da ya sa zama da shi ke da wuya ke nan.

Ranar Litinin ɗansa Nu'man ya iso daga arewa, an ba shi hutun kwana shida. Sajan ne a sojan ƙasa. Ya zauna a bencin shago yana cin tsire a takarda, ya ce yana da aikin da yake so uban ya yi masa.

"Baba, yaƙin yanzu daga sama yake," in ji shi. "Kafin mu taka ko'ina sai na ta da dron, ɗan jirgin nan marar matuƙi, ya leƙo mana gaba, ni ke riƙe da shi a sashenmu. To mutanen dajin da muke yaƙi da su ma sun samu nasu, irin na kasuwa, wanda ake ɗaukar hoton biki da shi. Su hango mutum a kwance, su sako masa gurneti. Ragar da muke da ita ta rufe motoci ce, ta yi wa mai tafiya a ƙafa nauyi. Mayafi nake so, wanda in na lulluɓa na kwanta, na sama ba zai gan ni ba."

Na ajiye dutsen guga, don yaron nan a kan cinyata ya koyi zama. Shi kuwa Yaya tuni ya zaro awo daga wuyansa. Nu'man ya fara bayanin yadda abin zai kasance, Yaya ya ɗaga masa hannu.

"Kai za ka koya mini ɗinki? Miƙe in auna ka."

Yini biyu Yaya ya yi a kai. Ya samo kaki mai kyau, launin ƙasa, ya kalmashe baki, ya fitar da kusurwa huɗu kamar an yanka da reza. Ni kuma, tunda ba a bar ni a baya ba wajen wauta, na sa masa sitaci na goge shi har yana ɗaukar ido.

Nu'man ya duba. Sai ya aika aka kira Ilyas mai hoto, wanda ke da ɗan jirgin da yake shawagi da shi a kan 'yan biki. Laraba da hantsi muka nufi wani fili a bayan unguwa, inda magina suka jibge yashi, aka kuma sassabe ciyawa ta bushe. Nu'man ya ce wurin ya fi kama da inda suke. Labari ba ya kwana a layinmu, kafin mu isa teloli sun rufe kekunansu, mahauta biyu sun biyo mu da jini a riga.

Ilyas ya juya baya, Nu'man ya shiga filin ya kwanta ya lulluɓa. Jirgin ya tashi yana zuuu, muka yi cincirindo a kan wayar da ke nuna hoton. Wallahi ban gama gyara tsayuwata ba Ilyas ya yi ihu.

"Voilà! Ga shi can!"

Kowa ya gani. A tsakiyar filin ga abu shimfiɗe, mai kusurwa huɗu, yana ƙyalli kamar sabuwar dardumar salla. Aka fashe da dariya. Wani mahauci mai suna Baballe har da riƙe ciki, yana cewa, "Malam, ai ko makaho ya samu jirgi zai gan shi!"

Nu'man ya taso yana kakkaɓe jiki, ya durƙusa kusa da uban, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, ɗinkin ba shi da laifi, kyansa ne ya yi yawa. Ni da nake kallon ƙasa daga sama kullum, miƙaƙƙen layi nake nema. A daji ba abin da ke da kusurwa huɗu sai abin da mutum ya yi. Kuma, Baffa," ya dube ni, "sitacin nan naka daga nesa yake kira."

Yaya ya karɓe abinsa. Ya naɗe mayafin ya wuce gida, abincin rana ma aka dawo da shi yadda aka kai. Na ɗauka fushi ne zai yi na kwana uku kamar yadda ya saba, alhali yaron Lahadi zai koma.

Alhamis da safe na tarar ya zazzage buhun ƙyallaye a tsakar shago, tarkacen da muke sharewa mu zubar. Ya aika an samo masa buhunan albasa masu raga-raga, ya farke su ya haɗe. Ya zaɓi ƙyallaye masu launin ƙasa da toka da busasshiyar ciyawa ya fara yankawa, amma duk wanda ya yanka sai ya fito a miƙe. Hannun ya ƙi karkacewa. Ya yi tsaki, ya mai da almakashin hannun hagu. Nan fa abu ya fara fitowa a karkace, wani dogo, wani guntu, baki duk a tsattsage. Ya riƙa ɗaura su a ragar ba tsari, zare na reto ta ko'ina, yana yi yana ɓata fuska kamar mai shan magani. Da ya gama ya kai shi bakin kwata ya tumurmusa shi a ƙasa, ya shanya.

Na miƙa hannu wajen dutsen guga, don sabo.

"Ja'afar, in ka taɓa shi, ni da kai ne," in ji shi.

Bayan sallar Juma'a filin ya cika, har mata suna leƙe ta saman katanga. Nu'man ya zo zai karɓi mayafin, Yaya ya riƙe abinsa.

"Ni zan kwanta. Kai kuma karɓi jirgin daga hannun Ilyas. Ba kai ne gwanin nema ba? Neme ni da gaske. In ka yi mini kara, ban yafe ba."

Duk muka juya baya, har Baballe aka sa ya rufe ido. Da aka ƙirga ɗari, Nu'man ya ta da jirgin. Nan na ga bambancin soja da mai hoton biki. Bai yi shawagin banza ba, ya bi filin layi-layi, ya sauko ƙasa-ƙasa, ya juyo ta gefen rana don ya kama inuwa.

"Ga shi!" wani ya yi ihu.

"Akuya ce, malam!"

"To wancan fa, kusa da yashi?"

Nu'man ya sauke jirgin har iskarsa na kaɗa ciyawa. Tsohon buhun siminti ne. Jama'a suka ɗauki sowa. Minti goma, sha biyar, zufa na ɗiga daga haɓar yaron a kan wayar, ni kuwa ban san sanda na kama rigar Ilyas na murɗe ba. Can wayar ta fara ƙara, batir ya kusa ƙarewa. Nu'man ya dawo da jirgin ya sauke, ya ɗaga hannu sama yana dariya.

"C'est fini! Baba, na kasa! Fito!"

Filin ya kaure. Baballe ya ɗaga ni sama kamar ni na yi ɗinkin, teloli suna tafi, mata suna guɗa daga katanga. Sai wani tarin ciyawa, taku huɗu daga buhun simintin nan, ya motsa ya tashi zaune. Ihu ya ƙaru. Muka ruga.

Yaya bai yi dariya ba. Hularsa ta faɗi, gemunsa duk yashi. Ya kama wuyan hannun ɗansa ya riƙe.

"Ƙarar nan da ta tsaya a kaina," ya ce, "haka kake jin ta?"

"Kullum, Baba."

Yaya ya saki hannunsa. Sannan ya juya wajen telolin layinmu, muryarsa ta dawo irin ta da.

"Kowa ya kawo mini buhun ƙyallayensa yanzu, da almakashinsa. Nu'man, ku nawa ne a sashen naku?"

"Mu goma sha biyu," in ji yaron. Sai ya sunkuyar da kai. "Sha ɗaya, Baba, mun rasa ɗaya. Sha ɗaya za ka ɗinka."