Ragon Uzairu da Hannun Datti

Duk mai sana'ar gilashi a Gangare ya san doka ɗaya: idan Babbar Sallah ta matso, madubi bango yake kallo. Ba camfi ba ne. Raguna ne ke cika lungu, kuma rago ba ya ganin ɗan'uwansa, ko a madubi ne, ya kau da kai. Malam Datti, wanda shagonsa ke jikin shagona na ɗinki, shi ya koya wa rabin unguwar wannan doka, shi ne kuma ya karya ta ranar jajiberi.

Hannunsa ne ya ja masa mantuwar. Aikin Datti yi wa bakin madubi ado: ya kama gefen da filaya ya ɓantari ɗan kaɗan, ya matsa gaba ya ƙara, har bakin ya fito a jere kamar ɓawon kifi. Aiki ne na matsawa tun safe har yamma. To sanyin Jos ya shiga gaɓoɓin yatsunsa, tsohuwar filayarsa ta fi ƙarfinsa. Da bakinsa ya gaya mini cewa in bai samu wadda hannun zai iya matsawa ba, zai rufe shago. Ni kuwa na san zaman gida kashe shi zai yi.

Alphonsus, mai sayar da kayan aiki a Kwararafa, ya kawo masa filaya guda biyu.

"Oga Datti, wannan baki nashi faɗi ne, amma akwai tauri. Wannan ƙarami kuma yana da sifirin, zai buɗe da kanshi. Gwada, ba faɗa."

Datti ya gwada babbar a gefen wani dogon madubi, ya yamutsa fuska. Ya ɗauki mai sifirin, ƙas, ƙas, ƙas, sai ga tsoho yana dariya har da ƙyaƙyatawa.

"Alfonso, Allah ya yi maka albarka! Kama mu juyo shi wajen haske in ga ko ɓantarar ta yi daidai."

Babu wuta, shagon da duhu. Suka juyo madubin da ya fi mutum tsayi, ya fuskanci ƙofa. Alphonsus ya durƙusa ya riƙe gindinsa.

A ƙetaren lungun kuwa ragon Uzairu direba ne a ɗaure, wani jibgegen balami da ya shekara yana ɗura wa dusa, yana koya masa karo don a ce da shi mai rago. Da igiyar shanya ya ɗaure wannan bala'in. Ina kan keken ɗinki na ga ragon ya ɗaga kai, ya ƙura wa ƙofar Datti ido, ya ja da baya. Kafin in buɗe baki igiya ta tsinke.

Ƙarar kamar an jefo kwanon rufi daga sama. Ƙahonsa ya fasa madubin a tsakiya, rabin sama ya zamo ƙasa da kaifinsa, daidai ƙeyar Alphonsus. Datti bai yi tunani ba, ya tara hannun dama. Gilashin ya shige tsintsiyar hannunsa har ƙashi. Jini ya yi tsartuwa ya wanke bango.

Ragon bai tsaya ba. Ya juyo ya ɗauki Alphonsus da kai ya maka shi jikin kanta, na ji haƙarƙarinsa ya ce ƙaras. Ya koma kan gilasan taga da ke jingine, ya rugurguza su ɗaya bayan ɗaya, yana zamewa a kan jini yana tashi. Na rarumi benci na sheme masa a gadon baya, ko gezau. Sai da wani tsinin gilashi ya soke shi a gindin wuya sannan ya zube, yana shure-shure, kumfa ja na fita ta hancinsa.

Lungu ya cika. Uzairu ya ratso mutane yana ihu.

"Wuƙa! Jama'a a kawo wuƙa, kada ya zama mushe!"

Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Maza majiya ƙarfi suka tsallake Datti yana kwance cikin jininsa, suka danne rago, suna gardamar ina alƙibla take. Aka yanka, aka yi kabbara. Ni na yage shaddar wani da zai sa gobe idi na ɗaure wa Datti damtse, na ja da haƙori. Alphonsus yana numfashi da ƙyar, amma shi ya rarrafa waje ya tare mana Keke Napep.

A hanya Datti bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Abu ɗaya yake maimaita mini: "Ta yi mini, Sharafaddeen. Ƙaramar filayar ta yi mini."

An yi masa ɗinki a asibiti, aka ƙara masa jini. Bayan sallah da kwanaki na raka shi a duba hannun. Likitar ta kwance bandeji, ta sa yatsunta biyu a tafinsa.

"Baba, matsa yatsuna da duk ƙarfinka."

Datti ya cije leɓe. Jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya keto masa a goshi duk da sanyin ɗakin, kafaɗarsa har rawa take. Ya daɗe a haka, sannan ya dube ta yana haki, yana jiran ta yaba.

Ta ɗago kai daga kan hannun, ta ce, "To Baba, bismillah, fara mana."