Babur ɗin Eulogio Zai Tafi Yamma

A garin Cueto, bayan gidan burodi, akwai wani gida mai rufin kwano da mutum biyu kacal ke cikinsa: Eulogio Leyva, tsohon makaniken injinan rake, da jikarsa Yanelis, 'yar shekara tara, wadda nake koyarwa a aji huɗu. Ba su rasa abin sawa a baki ba. Akwai rogo da ayaba a bayan gida, ga kaji huɗu, ga ɗan kuɗin fansho. Abin da suka rasa shi ne mutane. Matar Eulogio ta rasu tun kafin a haifi yarinyar, uwar yarinyar kuma ta bi ta tun Yanelis ba ta iya tafiya ba. Ubanta Rigoberto, ɗan Eulogio, yana can ƙarshen ƙasa ta yamma, a gonakin taba na San Juan, tafiyar fiye da kilomita ɗari tara. Shekara biyar rabonsa da gida, sai dai a ji muryarsa ran Lahadi a wayar maƙwabta.

Na uku a gidan, in za a lissafa da shi, babur ne. Kore ne, ƙirar Rasha, da kwandon ƙarfe a gefensa na dama mai tayarsa da kujera guda a ciki. Kullum da safe nakan ji ƙugin babur ɗin kafin in gan su. Eulogio ya tsaya a bakin makaranta, ya ce, "Sauka, tsohuwa, kin cinye mini taya." Ita kuma ta ce, "Kai ka fi nauyi, Kaka." Sai ta shige aji.

Daga baya yanar ido ta fara rufe masa gani. Wata safiya ya goge ginshiƙin ƙofar makaranta da kwandon, a hankali dai, ba wanda ya ji ciwo. Ya daɗe a zaune bai sauka ba. Tun daga ranar a ƙafa suke zuwa, tana riƙe da hannunsa, kuma ba a san wa ke raka wani ba.

Bayan wata biyu labari ya bazu cewa zai aika wa ɗansa babur ɗin a jirgin ƙasa. Rigoberto ba zai samu zuwa ba, lokacin cirar ganye ne, kuma ko ya zo, fetur ɗin da zai kai shi yamma ba ya samuwa.

Ran Laraba, lokacin tara, Yanelis ba ta fita wasa ba. Ta tsaya a gefen teburina tana jera mini alli.

"Malama, in aka aika babur, har da mai zama a ciki ake aikawa?"

Na ce, "Me kakanki ya ce miki?"

"Ba ya cewa komai. Da Baba ya kira sai ya aike ni sayen burodi. Ko da akwai burodi a gida."

"Ke kina son zuwa?"

Ta girgiza kai. "Wa zai karanta masa kwalbar magani? Ko tsakuwa ba ya gani a cikin wake."

Na ce mata ban sani ba, don gaskiyar ke nan. Da yamma Eulogio ya roƙe ni in raka su tasha ran Asabar in cike masa takardu, tunda rubutu ya zame masa hayaƙi. Na so in tambaye shi zancen yarinyar, amma tana tsaye a wurin, shi kuma fuskarsa ba ta ba da ƙofa ba.

Ran Asabar da hantsi muka fita. Eulogio ya riga ya tsiyaye fetur ɗin tankin a gida, kamar yadda dokar jirgi ta ce, ya cire batir ya naɗe shi a tsumma. Yanelis ta hau sirdi ta riƙe kan babur, ni da shi muna turawa. Masu wasan domino a ƙarƙashin bishiya suka ɗaga hannu.

"Eulogio! Ina za a kai gawar?"

"Gidan ubanku," in ji shi, bai ko juya ba.

A ofishin kaya muka tarar da Migdalia, mai karɓar kaya, tana fifita da kwali, ta baza yatsu a kan tebur don jan farcen da ta shafa ya bushe. Ta leƙo ta taga.

"Baba, wannan ai ba babur ba ne, gida ne da baranda. Nivaldo! Zo ka ga aiki."

Nivaldo shi ne mai loda kaya, ƙato, da tawul a wuya. Ya zagaya babur ɗin, ya ware hannuwansa ya auna faɗinsa, ya je ya gwada a ƙofar taragon kaya da ke tsaye a layin gefe yana jiran jirgin yamma. Ya dawo yana dariya.

"Ba zai shiga ba, Baba. Ko an shafa masa man alade. Sai an raba su."

Eulogio ya ce, "Shekara ashirin da shida ban taɓa raba su ba."

"To yau za a yi saki. A can su mayar da aure."

Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce a bar shi ya gama da takardu, shi zai kwance da hannunsa. Muka tsaya a taga. Na rubuta sunan Rigoberto da na ƙauyen, na rubuta cewa kayan zai sauya jirgi a Havana, na rubuta lambar inji da Eulogio ya faɗa mini da ka. Na kama hannunsa na ɗora a kan layin da zai sa hannu. Bai gama rubuta sunansa ba ya ɗaga kai. Daga bayanmu ƙarar sifana ce ke tashi.

"Wanne kake kwancewa?"

"Na sama, Baba," in ji Nivaldo. "Ina rage maka aiki ne. Har na gama biyu."

Eulogio ya saki biro ya nufi wurin da sauri, har ya yi tuntuɓe da sikeli. Ya durƙusa ya lalubi sandunan ƙarfe biyu da suka haɗa kwandon da jikin babur. Ya daɗe yana shafa su.

"Wa ya aike ka? Kai, ko jaki in ya ga noti sai ya tambaya."

"Noti ai noti ne, Baba."

"A gidanku."

Sai ya sassauta murya ya yi masa bayani, kamar yadda ake yi wa yaro. Akwai ƙusoshi huɗu da ake zarewa kwandon ya fita, a mayar da su ya koma daidai. Waɗanda Nivaldo ya kwance kuwa na saiti ne. Su ke riƙe da yadda babur zai ɗan jingina waje, da inda tayar kwando za ta fuskanta. In aka kuskure da faɗin yatsa ɗaya, babur ya dinga jan mutum zuwa rami, ya cinye taya a wata guda, ya bar mai tuƙi da ciwon kafaɗa.

"Rigoberto ganye ya sani," ya ce. "Ba shi da hannun ƙarfe. Kuma a ƙauyen nan nasu ba wanda ya taɓa ganin irin wannan. Dole a saita shi a nan, a yi alama, sannan a raba."

Nivaldo ya goge wuya. Kunya ta kama shi, sai ya shiga neman abin yi. Ya kawo katakai biyu dogaye da igiya da tef na awo, duk abin da tsohon ya ce. Eulogio ya ce ba a saiti da kwando wofi, sai da nauyin da zai dinga ɗauka a kullum, da na mai tuƙi.

"Hau sirdi," ya ce wa Nivaldo.

"Ɗan naka ya kai ni jiki?"

"Ya kai ka. Sai dai shi yana da kunne."

Migdalia ta fashe da dariya daga taga. Nivaldo ya hau, babur ya nitse kaɗan.

"To, saura kwandon," in ji shi. "Me zai dinga ɗauka? In ganyen taba ne, ga buhun gawayi can, nauyinsu ɗaya. In ba kowa zai shiga ba, mu sa rabin buhun yashi, yadda ake yi don kada ya ɗaga a kwana. Wanne zan kawo?"

Eulogio yana durƙushe, hannunsa a kan bakin kwandon. Yanelis tana tsaye kusa da sikeli, rungume da jakar kayan aikinsa. Ba ta kallon kowa sai shi. Can nesa wani yana saran rake a bakin tasha, muna jin saukar addar ɗaya bayan ɗaya.

"Tsohuwa," ya ce. "Shiga."

Ba ta motsa ba. "Kaka, ga buhu can."

"Buhu ba ya zuwa makaranta. Shiga."

Ta ajiye jakar a ƙasa, ta zo ta shiga. Ta zauna yadda ta saba, gwiwoyi a haɗe, hannu biyu a kan ƙarfen gaba. Nivaldo ya buɗe baki zai yi magana, Migdalia ta harare shi, ya rufe.

Aikin ya ɗauke mu kusan awa guda. Eulogio ya shimfiɗa katako ɗaya a jikin tayoyin babur, ɗaya a jikin tayar kwando. Ni ce idonsa. Ina auna tsakanin katakan ta gaba, in auna ta baya, in faɗa masa. Ya murɗa noti kaɗan, ya ce in sake. Ya rataya igiya da ƙaramin dutse daga kan babur, ya bi ta da yatsa har ƙasa don ya ji yawan jinginar. Rana ta take, zufa tana ɗiga daga haɓarsa kan ƙarfen. Yarinyar kuwa, sau ɗaya kawai ta miƙa hannu ta gyara masa hula da ta zame, ta mayar da hannunta wurinsa.

Da awon ya yi daidai na ce, "Ya yi, Baba Eulogio."

Ya ɗora sifana a kan notin sama, ya ƙara masa rabin zagaye.

Na ce, "Ai ya wuce kaɗan yanzu."

"Na sani, Malama. Yara suna girma. Wannan zai kai ta shekara biyu ba a taɓa ba."

Ya ɗaure komai tam. Ya tambaya ko akwai fenti, babu. Migdalia ta fito da kanta da kwalbar jan farcenta, ta durƙusa da siket ɗinta a kan siminti, ta ja layi ja a kan kowane noti da sandarsa, duk inda yatsansa ya nuna. Ya ce in rubuta a takarda: kada a taɓa duk inda aka ga ja, ƙusoshi huɗu kawai za a mayar. Na rubuta sau biyu, ɗaya ya ɗaure a kan babur, ɗaya a cikin kwando.

"Fito, tsohuwa."

Ta fito. Ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya ya zuba a safa ya ƙulle. Nivaldo ya ja kwandon gefe. Babur ɗin ya rage shi kaɗai, siriri, sai da aka riƙe shi don bai iya tsayuwa da kansa ba. Kwandon kuma ya kife hanci a ƙasa.

Aka tura babur a kan katako zuwa cikin tarago, aka ɗaure shi da igiya a jikin bango tsakanin buhunan kofi da wata tsohuwar firiji. Aka ɗaga kwandon aka ajiye a ɗaya kusurwar. Eulogio ya sa aka kama hannunsa ya shiga, ya ja kowace igiya ya ji ƙarfinta, ya fito. Nivaldo ya ja ƙofa ya rufe.

"Kwana nawa?" Eulogio ya tambaya.

Migdalia ta ce, "In Allah ya so, huɗu. In jirgi ya so, goma."

Ba mu jira jirgin ba. Muka kamo hanyar gida mu uku, ba abin turawa, ni ina ɗauke da jakar kayan aiki. Masu domino sun tashi cin abinci, kujerunsu ne kawai a ƙarƙashin bishiyar. 

Da muka kai kwanar kantin magani Yanelis ta tsaya, ta kama hannunsa ta ɗora a kan bango.

"Kaka, taɓa nan. Daga nan zuwa gidan burodi ka bi bangon, kada ka sauka titi. Akwai rami a gaban gidan mai aski. Mu ƙirga."

Suka tafi tana ƙirga taku da ƙarfi, shi yana maimaitawa a hankali. Na ja baya na bar su. A taku na arba'in da ɗaya ta ce masa ya ɗaga ƙafa, ya ɗaga.

Ba wanda ya faɗa mata rana ko wata. Amma Yanelis ta gane cewa za ta tafi yamma wurin ubanta, kuma kakanta zai zauna a gidan shi kaɗai.