Safa a Cikin Jita

"Waƙar da ba a taka maka ƙafa a wurinta ba, ba ka ji ta ba tukuna!"

Na-Gaba ya faɗi haka yana dukan teburin situdiyo har makirufo ya karkace. Shekara tara ke nan yana gabatar da shirin kiɗa a ƙaramin gidan rediyon unguwa, kuma kusan kullum sai ya maimaita wannan magana. Sunan ma a wurin wasa ya samo shi, don duk inda aka kafa dandamali shi ne a sahun gaba, kunnensa manne da lasifika. Ya taɓa rasa takalmi ɗaya a turmutsitsi, ya dawo gida yana ɗingishi yana rantsuwar ya ci riba. Tikitocin wasannin da ya halarta kuwa ya lilliƙa su a bangon falo har sun rufe rabin hoton aurensa.

Yana cire abin sauraro daga kunnensa Manaja ya leƙo.

"Mutum uku ne suka kira ka yau, ɗayansu ma kuskuren lamba ya yi. In watan nan ya ƙare a haka, mai maganin sanƙo zan ba lokacinka."

*

A gidan Na-Gaba akwai wani ɗaki bayan ɗakin girki, inda a da ake ajiye buhuna da tsohuwar fanka. Nan Baba, mahaifinsa, yake zaune tun rasuwar matarsa. Shekara talatin ya yi yana kaɗa jita a ƙungiyar makaɗa kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Ana ba shi abinci a kan lokaci, wannan kam ba a yi masa rowa. Hira ce dai ta yi tsada.

Da ya taɓa jita kuwa sai Na-Gaba ya ɗaga murya daga falo: "Haba Baba! Kiɗan da ne fa wannan, ka bar mu mu huta." Rannan da abin ya ishe shi, ya tuɓe safa ɗaya, ja mai ratsin fari, ya miƙa masa ya ce ya cusa ta ƙarƙashin tsirkiyoyin. Baba ya karɓa ya cusa. Tun daga nan yatsunsa ke yawo a kan jita, ba mai jin komai sai shi.

Ranar Lahadi injin ɗaukar murya na tashar ya lalace, dole Na-Gaba ya ɗauki shirin Litinin a falonsa. Bai san uwargida ta ga safar nan ta yi baƙi ƙirin ta zare ta ta jefa a wanki ba. Da ya gama ya saurari abin da ya ɗauka har sau biyu, amma shi mutum ne da in muryarsa na tashi ba ya jin ta kowa.

Litinin da yamma wayar tashar ta kusa kamawa da wuta.

"Malam, wane ne ke kaɗa jita a bayan surutunka?"

"Don Allah a sake sa shi, amma ban da kai."

Wata tsohuwa ta kira tana kuka, ta ce da wannan kiɗan mijinta ya yi zawarcinta. Sai a lokacin Na-Gaba ya kasa kunne, ya ji sautin can ƙasa-ƙasa, ya gane jitar Baba ce. Amma bakin ɗan rediyo ba ya mutuwa. Ya gyara murya ya ce, "Wani tsohon gwani ne da duniya ta manta da shi. Na daɗe ina bincike kafin in gano inda yake."

Manaja ya rungume shi a bakin ƙofa. "Juma'a ka kawo mana shi, kai tsaye. In ya zo, mai maganin sanƙo ya nemi wani wuri."

*

Na-Gaba ya tsaya a ƙofar ɗakin Baba yana sosa ƙeya. Bai ma san an sauya wa gadon wuri ba.

"Baba, sannu da hutawa. Ya gwiwar?"

Tsoho ya dube shi, ya dubi bayansa ko da wani baƙo. "Lafiya dai? Wani ne ya rasu?"

Ya kwashe bayani ya yi masa, ya ƙare da roƙo ɗaya: "Amma a can kar ka nuna ka san ni. Ka ga aiki ne, akwai yadda ake tsara shi."

"Ba wuya," in ji Baba. "Ai mun saba."

Uwargida da ke laɓe a ɗakin girki ta saki murfin tukunya.

*

Ranar Juma'a Na-Gaba ya sa rigarsa ta zuwa wasa, ya zaunar da Baba gaban makirufo, ma'aikatan tashar suka cika bayan gilashi. Jar fitila ta kama.

"Masu sauraro, ga shi nan, ido da ido! Kun san ni, ba na yarda da kiɗa sai na gan shi a gabana. Ranka ya daɗe, duk shekarun nan a ina ka ɓuya?"

Baba ya matso da bakinsa kusa da makirufo kamar yadda aka koya masa.

"Bayan ɗakin girkinka, ɗana. In ka wuce tulun gas, ƙofar hagu."

Manaja ya duƙa yana riƙe da ciki don dariya. Na-Gaba ya yi wata dariya wadda ba ta wuce maƙogwaro ba, ya ce, "Baba akwai barkwanci! To, a ba mu kiɗa."

Tsoho ya ɗora yatsu ya fara. Mai kula da sauti ya murɗa wannan, ya tura wancan, ya ɗaga hannu alamar ba abin da ke fita. Baba ya duba jitar, ya ce, "Au, afuwa." Ya sa yatsa biyu ya zaro safa, ja mai ratsin fari, wankakkiya, ya ninke ta a hankali ya ajiye gaban ɗansa.

Sannan ya kaɗa.

Minti goma sha biyu ba wanda ya yi tari. Na-Gaba, wanda ya sha taku da gwiwar hannu a wasanni fiye da ɗari, ya zauna taku ɗaya daga kiɗan da bai taɓa jin irinsa ba, kunya ta hana shi ɗaga kai. Fitilun waya duk suka kama, ya kasa miƙa hannu ya ɗauki ko ɗaya.

Da aka kashe jar fitila Manaja ya shigo yana tafi, ya ce shiri ya tsira, har a ƙara masa rabin awa. Baba ya goge tsirkiyoyin da gefen rigarsa, ya dafa tebur ya miƙe da ƙyar. Ya kai bakin ƙofa sai ya dawo, ya miƙa wa ɗansa hannu.

"Ba ni safar. Gida za mu koma."