Ƙarfen da na ƙera wa Yaya

Tun da babur ya kayar da Yaya, yatsun hannunsa na dama suka fara naɗewa ciki kamar ƙafar kaza. Tela ne, da hannun nan yake ciyar da mu.

Likitan ƙashi ya ɗaga hoton hannun ya duba, ya ce ƙashi ya haɗe, shi nasa aikin ya ƙare. Ya rubuta wani dogon suna a takarda, ya ce mu nemi likitan da ke farfaɗo da gaɓoɓi. Kafin in ce a ina, ya kira na bayanmu.

Na yi ta yawo da takardar har ta yi laushi a aljihu. Mai ba da kati ya tura ni hawa na biyu. Na can suka ce wurin masu gashin ƙashi zan je. Masu gashi suka ce ba sa taɓa mutum sai likitan ya gan shi ya rubuto musu. To ina likitan? Wannan ya ce ya bar aiki, wancan ya ce bai taɓa jin irinsa ba. Na duba a waya ta nuna min wani wuri, na je na tarar da shagon taya.

"Ka dawo gobe," in ji mai kati, ko kai bai ɗago ba.

"Gobe ta nawa ke nan? Hannun mutum ne fa, malam!"

Mai gadi ne ya fitar da ni.

Ni mai walda ne. Abin da na sani, in abu ya lanƙwashe ka matse shi har ya miƙe. Na yanko farantin ƙarfe daidai tafin hannun Yaya, na goge bakinsa, na shimfiɗa soso, na miƙe yatsun na ɗaure su tamau da roba. Umma ta yi ta sa min albarka. Yaya ya juya hannun ya ce, "Injiniya, ka mai da ni ƙofar gareji." Na hana shi cirewa ko da zai yi wanka. Mako uku yana ɗauke da shi.

Wata mai shara ce ta gaji da ganina a kan bencin asibiti. "Ɗan nan, wai wa kake nema kullum?" Na faɗa mata. "Ayya! Ai likitar ran Talata kawai take zuwa. Ɗakin ƙarshe, bayan wurin wanki. Ba rubutu a ƙofar."

Ran Talata muka same ta, wata gajeriyar mace mai tabarau. Ta kwance robar, ta zare ƙarfen. Yatsun sun miƙe sambal, har na fara murmushi. Ta ce Yaya ya dunƙule hannu. Ko motsi. Ta kama ɗaya ta gwada lanƙwasawa, ya ƙwalla ƙara.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne."

"Jijiyar hannun tana dawowa a hankali. Abin da gaɓoɓin suke buƙata a riƙa motsa su kullum kafin ta iso. Kai kuma ka sandarar da su."

Kaina ya yi zafi. "Mako biyar ina neman ki, likita! Biyar! Ko takarda ba wanda zai iya mannawa a ƙofar nan? Sai da mai shara ta ji tausayina!"

Ta bar ni na gama. "Wannan laifinmu ne, ban musa ba. Ƙarfen kuma naka ne. Zauna."

Yaya bai kalle ni ba. "Likita, zan koma ɗinki?"

"Babban yatsa da biyu na kusa da shi ina sa rai. Sauran ba zan yi maka alkawari ba."

Ta ɗora hannunsa a kan nawa, ta nuna min inda zan riƙe. Zan riƙa lanƙwasa yatsun sau biyar a rana, kowace gaɓa sau goma, ko ya yi kuka.

Na danna. Gumi ya keto wa Yaya.

"Sake ni, ɗan banza! Wallahi sai na karya ka!"

"Da wane hannun?" in ji likita. Ta dube ni. "Ɗaya ke nan. Saura tara."