Ɗinkin Bahaguwa

Ƙwaryar ba wata babba ba ce. Ta fura ce, ta yi ja don tsufa, kuma tana da tsaga daga baki zuwa ciki wadda aka ɗinke da zaren kaba. Mahaifiyar Hansai ce ta ɗinke ta. Ranar da 'yan bindiga suka shiga Mubi, Hansai tana cikin dama fura aka fara harbi, sai ta fita da zanen jikinta da ƙwaryar a hannu, ba ta ma san ta riƙo ta ba. Da ita ta riƙa ɗiban ruwa a daji har ta iso Yola, gidan yayanta Lawal a Bako. Gidanta na Mubi an ƙone shi. Ƙwaryar ce kaɗai abin da ya rage mata na uwa.

Shekara goma bayan haka 'yar Lawal, Naziha, ta samu aiki da masu shirya wasan talabijin mai suna Bakin Gulbi. Ita ke nemo musu kayan da ake wasa da su. Wata rana ta zo ta durƙusa gaban Hansai.

"Gogo, ki ara mana ƙwaryar nan. Akwai wata tsohuwa a wasan, Dada Zulai, darakta yana son ta riƙa shan fura a abin da ya ga jiya. Duk na kasuwa fari ne tas kamar haƙorin amarya."

Hansai ta ce, "Kin san ta wace ce."

"Na sani, Gogo. Ana gamawa ni da kaina zan dawo miki da ita."

Wasan ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Duk Lahadi bayan la'asar matan unguwa su cika falon Lawal. Dada Zulai ba ta faɗa wa kowa gaskiya mai ɗaci sai ta miƙa masa fura a wannan ƙwarya tukuna, har ya zama abin wasa a gari. Idan mace za ta yi wa mijinta magana sai a ji ta ce, "Bari in ɗauko ƙwaryar Dada."

Daraktan, Suhaib, ya sa aka buga riguna da hijabai masu hoton 'yan wasan, aka ba Naziha ta kai wani shago a kasuwar Jimeta. Wata biyu suna rataye. Ta dawo tana mita, ta zube su a tabarma gaban Hansai.

"Kowa yana son wasan nan, Gogo, amma ba mai ɗauka. Ko dai jifa aka yi mana?"

Hansai ta ɗaga hijabi ɗaya, ga fuskar wani saurayi yana murmushi a tsakiyar baya. "Wa zai yi salla da wannan? Ki yi ruku'u, ɗan mutane yana yi wa na bayanki dariya?"

Naziha ta ƙyalƙyale. "To rigunan fa?"

"Wanki biyu hancinsa ya goge. Kuma matar da ta isa aurar da 'ya ba za ta yi yawo da hoton namiji a ƙirji ba. Ku da kuka yi boko ba ku tambayi masu kallon ba? Abin da suke so shi ne abin da za a ajiye a ɗaki a yi amfani da shi. Baƙo ya shigo, in yana kallon wasan ya gane, su yi dariya tare. In ba ya kallo, ƙwarya ce kawai ya gani."

Naziha ta tsaya da dariya tana kallonta. Washegari sai ga ta a Keke da buhu cike da sababbin ƙore.

Aikin bai yi wa Hansai daɗi da farko ba. A ɗauki ƙwarya lafiyayya a tsaga ta da gangan, wannan a wurinta kamar a yanka yatsa ne don a nuna an iya ɗauri. Amma hannu ya tuna abin da ya koya. Takan tsaga da wuƙa, ta huda da basilla, ta ɗinke da kaba, ta shafe da man shanu, ta rataye a madafa hayaƙi ya yi mata ja. Ƙoren ba sa kwana a shago. Malaman makaranta daga Karewa, ɗalibai 'yan mata daga Sangere, har masu kai kayan aure suna saka ɗaya a ciki don tsokanar ango. Hansai da ba ta cika magana ba ta fara zama a ƙofar gida ana gaishe ta da sunan mai ƙwaryar Dada.

Da aka gama wasan aka yi bikin rufewa a wani zauren taro a Jimeta. Ba a gayyaci Hansai ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta jira mako ɗaya, ta jira biyu. A na uku ta ce, "Naziha, ajiyata fa?"

"Tana ofis, Gogo. Gobe."

Goben ta kai kwana tara. Ran nan da hantsi Naziha ta shigo da abu a naɗe cikin sabon ɗankwali, ta ajiye gabanta tana fara'a. "Ga amanarki. Suhaib ya ce a yi miki godiya sosai."

Hansai ta kwance ɗankwalin. Ja kamar waccan, tsagar a wurinta. Ta bi ɗinkin da babban yatsa daga baki zuwa ciki, sau ɗaya, ta kai hanci ta sansana. Hayaƙin madafar Lawal ne.

"Zauna, Naziha."

Naziha ta zauna a bakin tabarma.

"Kakarki bahaguwa ce. Ba ki san ta ba, shi ya sa. Ɗinkinta hagu yake kwantawa. Wannan dubi inda ya kwanta." Ta juya mata ƙwaryar. "Ni na ɗinke ta, ranar da aka yi ruwan nan da ya jiƙa mana kaba. Ga ma inda basilla ta zame mini."

Naziha ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

"Ina take?"

"An yi gasa ne a wurin bikin, Gogo. Tambayoyi kan wasan. Suhaib ya ce wanda ya ci a ba shi ta ainihin, ita ce za ta tara mutane. Na ce masa ta aro ce, wallahi na faɗa. Ya ce ai kin yi ɗari irinta, wa zai bambance."

"Ke kuma kika zaɓo wadda ta fi kama."

Naziha ta gyaɗa kai.

"Wa ya ci?"

"Wata Debbie. Hidimar ƙasa ta zo yi, ta gama ta koma garinsu can kudu. Ba a karɓi lambarta ba." Ta ɗago da ido ya cika da hawaye. "Na ji tsoron faɗa miki ne. Na ɗauka in ba ki sani ba, ba za ki ji zafi ba."

"Da kin zo hannu rabbana kin ce Gogo an rabu da ita, da na yi kuka na share. Mutanen da suka ƙona mini gida ba su san ni ba, Naziha. Ke kin sani."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta naɗe ƙwaryar cikin ɗankwalin kamar yadda aka kawo ta, ta tura mata. "Mai da ita shago. Tana da kyau, za a saya."

Akwai sauran rabin buhu a bayan ƙofa. Da yamma Hansai ta raba su ga maƙwabta lafiyayyu, ba tsaga ba ɗinki, ta sa basillar a ƙasan akwati. Mai shago ya aiko sau uku, ta ce a gaya masa idonta ya yi rauni. Naziha tana gaishe ta safe da yamma, tana amsawa, iyakarta ke nan.

Bayan wata biyu tashar ta fara maimaita wasan daga farko. Matan unguwa sun riga sun koma wani sabo, falon ba kowa. Hansai takan ja kujera kusa da talabijin ta rage sauti, don maganar ba ta dame ta ba. Sai ta jira lokacin da Dada Zulai za ta miƙa fura. Wani sa'in hannun tsohuwar yakan rufe wurin. Wani sa'in kuma, in an yi sa'a, ƙwaryar ta juyo, ɗinkin ya fito sarai, kwance ta hagu, kafin a ɗauke hoton.