Fuloti a Gadon Bayan Kunkuru

Da a unguwar Gama muke zaune, da binciken auren ɗana Ja'afaru bai iso ƙofata ba. A can idan dangin yarinya suna son sanin halin yaro, mai shayi kawai za su tambaya, ko ladan, su ji har abin da ya ci jiya. To mu a Nassarawa GRA muke, a boskwatar gidan Dokta Shawulu, tsohon likitan haƙori mutumin Zariya, wanda nake tuƙawa tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Unguwa ce ta dogayen katangu da karnuka. Maƙwabcinka sai ya rasu a yi sadakar bakwai ba ka ji ba.

Shi ya sa da Alhaji Muhammad Sani na Gawuna ya zo bincike a ɓoye, mutum ɗaya ya samu. Alhaji ƙanin mahaifin Luba ne, yarinyar da ɗana yake nema, kuma shi ne waliyyinta. Wanda ya samu ɗin maigadin gidan da ke kallon namu ne, shi kuwa ya faɗi iya abin da ya sani: yaron yana da ladabi, ba ya fashin masallaci, amma ba ya fita aiki. Kullum yana ɗaki da kwamfuta, kuma an ce Turawa ne suke biyansa.

Ko ni aka faɗa wa haka a kan ɗan wani, ɗan damfara zan ce.

Washegari Alhaji ya kira ni a waya.

"Malam Inuwa, ba na son jin magana a bakin masu gadi. Mece ce sana'ar yaron nan?"

"Taswira yake zanawa, Alhaji. Ta garuruwa."

"Ma sha Allah. Tsara birane ke nan?"

Sai tari ya kama ni. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, tarin ne ya amsa a madadina.

Ya ce, "Zan shigo ranar Asabar bayan La'asar in gani da idona. In abin ya kwanta min, ku turo magabata. In bai kwanta ba, kowa ya riƙe nasa, ba faɗa."

Abin da tarin ya ɓoye shi ne, garuruwan da Ja'afaru yake zanawa babu su a duniya. Wai akwai mutane a ƙasashen waje da suke zama su yi wasan tatsuniya, kowa ya zama jarumi ko boka, kuma suna buƙatar taswirar garin da tatsuniyar take faruwa. Shi yake zana musu da wata manhaja. An sha yi min bayani, na sha gyaɗa kai. Ni direba ne, na tsaya a aji biyu na sakandare, abincina yana kan titin da yake akwai. Tunda yaron yana sayo mana shinkafa, kuma ba ɗan sandan da ya taɓa sallama, na bar maganar.

Ranar dai na shiga ɗakinsa na ce ya nuna min aikin da ke hannunsa, in san abin da zan kare.

Gari ne mai kyau, ba zan ci amanarsa ba. Ga ganuwa, ga kasuwa, ga lunguna sun murɗe kamar na cikin birni. Sai na ga wani abu ya leƙo daga gabas mai ido biyu.

"Wannan fa?"

"Kan kunkuru ne, Baba. Garin a gadon bayansa yake, yana yawo da shi a teku."

Na nuna wasu gidaje masu alamar kofi yana kumfa, sun fi kantin magani yawa.

"Waɗannan masu shayi ne?"

Ya sosa ƙeya. "Mashaya ce."

"Giya?"

"Ta zane ce, Baba."

"A garin nan namu da ake bi ta kan kwalaben giya da katafila, kai kana ɗaka kana buɗe reshe. Ina masallaci?"

"Ba Musulmi ba ne. Wata suke bauta wa, ga ɗakin bautarsu nan."

Na zauna a bakin katifa. Uwarsa Fatsuma tana bakin ƙofa tana tsince wake, ta ce, "Malam, yau ka fara gani? Ni har na san hanyar kasuwarsu."

Ja'afaru ya ce, "Baba, a faɗa masa yadda abin yake mana. Luba ma ta sani, ita ta raɗa wa kunkurun suna."

"Luba ba ita za ta ba da auren kanta ba. Kuma ko gaskiya ce, ba ta zuwa gaban surukai da singileti. Sai an sa mata riga."

Muka yi ta ja. A ƙarshe ya ce shi ba zai taɓa aikin mutane ba, kuma ba zai yi wa Alhaji ƙarya ba, amma zai kwafar min garin in sa masa rigar da nake so. Ya nuna min yadda abin yake. Ashe zanen shimfiɗa-shimfiɗa ne, kamar tabarma a kan tabarma: teku da kunkuru a ƙasa, tituna a kai, gidaje a sama. Kowace shimfiɗa tana da ɗan ido a gefe, in ka danna sai ta ɓuya. A gefe guda kuma ga rumbun gidaje da bishiyoyi, ka jawo wanda kake so ka ajiye.

Abu na farko da na yi, na danna idon kunkuru. Ya ɓace, na ji sanyi a raina.

A makon nan mura ta kwantar da Dokta, mota ba ta fita, don haka na samu wuni. Da farko hannuna bai saba ba, in jawo gida ɗaya sai ya faɗa kogi. Zuwa Laraba na gane kan abin. Na ɓoye shimfiɗar mashaya, na zuba masu shayi. Na kafa masallacin Juma'a, na yi ta juya shi sai da ya kalli alƙibla, duk da Ja'afaru ya tuna min cewa garin yawo yake. Na yanka filin Idi da maƙabarta. Daga nan kuma direban da ke jikina ya farka. Lungunan nan da ko adaidaita ba za ta shiga ba, na miƙe su sambal. Na sa shataletale, na sa kwalbati, na kama jan kwata layi-layi, saboda na ga abin da damina take yi wa gidan yayata a Kawaji. Wurin da ya rage fili na yanka shi gida-gida, murabba'i reras, don ya yi kyan gani.

Fatsuma ta kawo min abinci ya huce. Ta ce, "Ranka ya daɗe, gwamna, a taimaka mana da famfo a layinmu."

Na sa mata famfon. Ko 'yan siyasa lokacin kamfe ba su taɓa buga hoton gari irin nawa ba. Na san Alhaji dillalin filaye ne, na ce a raina, ai shi ne ma zai san darajar aiki.

Ranar Asabar na shimfiɗa darduma a gindin mangwaro, na ɗora kwamfuta a kan kujerar tsuguno. Alhaji ya iso, dogon mutum mai furfura a gemu, da waya biyu a hannu. Muka gaisa, muka tambayi iyali da kasuwa. Ja'afaru ya tsuguna can gefe, kansa a ƙasa.

Alhaji ya sa tabarau ya sunkuya. Ya daɗe yana kallo. Na ga yatsansa yana bin babban titina, ya zagaya shataletale, ya tsaya a kan murabba'an nan.

"Ikon Allah. Awon gwamnati ne ko awon igiya?"

"Na'am, Alhaji?"

"Fulotan nan. Kai, wannan ba awon igiya ba ne, dubi faɗin titi. Har da kwata. Wace hanya ce? Ta Gezawa?"

Na ji tarin nan yana tasowa, na danne shi.

Bai jira amsa ba. "Na kwanar nan da ke jikin masallaci, kada a ba kowa. Da na bayansa. Akwai wani Alhaji a kasuwar Singa da ya dame ni yana neman wuri irin wannan, bari in kira shi."

Ya fara latsa waya. Na dubi Ja'afaru, ya ɗago ido ya dube ni sau ɗaya, ya mayar ƙasa. Na san ba zai sa baki ba. Rigar tawa ce, ni zan san yadda zan yi da ita. In na ce hanyar Gezawa ce, gobe da safe Alhaji zai ce in ɗauko mota mu je. Ba gonar da bai sani ba daga nan har Minjibir.

Na ce, "Alhaji, dakata da kiran. Wurin nan babu shi."

"An sayar?"

"A'a. Babu shi ne gaba ɗaya. Ba a taɓa yin sa ba."

Ya ajiye wayar a hankali. Ya cire tabarau. Fuskar da ta sake ɗazu ta ɗaure tamau.

"Wato yaron yana zama a ɗaki ya zana fulotan da babu su, har da masallaci don a yarda, mutanen waje su turo kuɗi."

"Ba haka..."

"Malam Inuwa, a sana'ata na ga irin wannan takarda. Na ga tsohuwar da ta sayar da awakinta ta sayi fili a tsakiyar kududdufi. Wanda ya sayar mata ma ya fi ku tsoron Allah, don shi kududdufin yana nan." Ya jawo takalminsa. "Na gode da ruwa."

Duk abin da maigadi ya sa shi zargi, ni na zauna mako guda na zana masa shaidarsa da hannuna, har da kwalbati. Takalmi ɗaya ya riga ya shiga ƙafarsa. Na juya wajen ɗana.

"Kai, fito da kunkurun."

"Baba, in na buɗe, duka za su fito."

"Fito da shi, don girman Allah."

Ya matso da gwiwa ya danna idanun nan ɗaya bayan ɗaya. Teku ya malalo ya kewaye garin. Ƙafafu huɗu suka fito, ga wutsiya, ga ƙaton kai daga gabas yana kallon Alhaji. Wani dodo mai fukafukai ya sauka a tsakiyar filin Idina. Mashaya kuwa suka dawo wurarensu, babbar cikinsu ta zauna jikin katangar masallacin Juma'a, daidai fulotin kwanar da Alhaji ya ce a riƙe masa.

Alhaji ya tsaya da takalmi ɗaya. Ya mayar da tabarau.

"Mene ne wannan?"

Ja'afaru ya yi masa bayani, a nutse, kansa a ƙasa. Ya nuna masa asalin taswirar, da waɗanda ya yi a baya: wani gari a cikin gajimare, wani a cikin ƙoƙon kan dodo. Ya nuna masa hoton da masu wasan suka turo, wasu garada masu gemu sun baza taswirarsa a tebur suna murna.

"Su sun san babu garin?"

"Sun sani, Alhaji. In akwai shi ma ba sa so."

"Ba wanda zai zo ya ce a nuna masa iyakarsa?"

"Babu."

Alhaji ya zare takalmin ya koma ya zauna. "Ni ina sayar da filin da yake akwai, da shaidu da mai unguwa, a kira ni maƙaryaci. Kai kana sayar da wanda babu, ana turo maka hoton godiya." Ya ƙara matsawa. "To su waɗannan fulotan da titin, a cikin tatsuniyar suke?"

Daga bayan labule na ji Fatsuma ta yi wani tari irin nawa.

Na ce, "Ni na sa, Alhaji. Don ka ga abin da mutunci."

Ya dube ni ta saman tabarau har sai da na ji kamar in shige ƙarƙashin dardumar. Sannan ya nuna wa Ja'afaru kofin da ke kumfa.

"Wannan zan tambayi malaminmu hukuncin giyar da babu ita. Abin da ya ce, shi za ka bi."

"In sha Allahu," in ji Ja'afaru.

"Kafin nan a raba ta da masallaci. Ko a bayan kunkuru ne, ba a haɗa su katanga."

"Masallacin na Baba ne."

"To Baba ya ɗauke abinsa."

Na jawo kwamfutar, na kama masallacina. Garin ja na zarce da shi ya faɗa teku. Ja'afaru ya tsamo min shi.

Na raka Alhaji har bakin get. Maigadin gidan da ke kallonmu ya miƙe yana gaisuwa, yana baza kunne. Sai da Alhaji ya hau babur ɗin da ya kawo shi sannan ya ce, "Ku turo magabata Juma'a mai zuwa. Yaron ba shi da matsala, na gamsu." Ya gyara hularsa. "Uban ne dai za mu ƙara bincikawa."

Da na dawo na tarar Ja'afaru zai goge garina. Na ce ya bar min shi tukuna, akwai layi biyu da ban gama ja musu kwata ba.