Kada Kowa Ya Kira Wayar Jarrell

Da zarar watan Afrilu ya kama, Kawu Cleophus yakan daina magana irin ta mutane. In ka gaishe shi a gidan mai, sai ya riƙe hannunka ya lissafa maka ɗan wasan da ƙungiyoyin ƙwallon Amurka za su ɗauka na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekara, da na biyu, har na talatin da biyu, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Yana da shiri da yake ɗauka a garejinsa, tsakanin injin yankan ciyawa da tsohon firji mai gurnani, ya saka a intanet. Masu saurarensa, in an cire matarsa Anti Verna da ke kunna wa bango shirin ta tafi harkarta, ba za su cika mota biyu ba.

Amma bana duk garin sun saurara, domin a hasashensa na zagayen farko na zaɓen, wato mutum talatin da biyun da ake fara kira, ya saka ɗan ƙanwarsa, Jarrell Whitlow, a gurbi na ashirin da takwas.

Mama Earline, mahaifiyar Jarrell, ba ta taɓa yarda da yayan nata a kan komai ba, ko hanyar zuwa birnin Macon ya kwatanta mata sai ta sake tambayar wani. Wannan karon kuwa ta karɓi maganarsa kamar daga sama ta sauko. Ta kama zauren cocinsu na daren Alhamis, ranar zagayen farko. Ta sa aka buga riguna da hoton Jarrell a gaba. Ta sayo hana-sallah guda talatin da biyu, ta kowace ƙungiya ɗaya, don kada a kira yaro a rasa hular da zai ɗora. Fasto Gaines ya sanar daga kan mumbari, gidan talabijin na Macon ya ce zai turo mai kyamara.

Shavonne, yayar Jarrell, ita aka bar wa ɗaukar kaya. Suna dawowa daga karɓo rigunan, ita ke tuƙi, Jarrell ya cika kujerar gefe har da rabin tata, sai ya rage rediyo.

"Yaya, ba za a kira ni ranar Alhamis ba."

"Wa ya ce?"

"Wakilina. Ya ce sai zagayen baya, Juma'a in an yi sa'a, ko Asabar. Hannuna ne."

Ta dubi hannun. Hannu ne da ya taɓa ɗaga bayan motar Mama daga rami.

"Me ya same shi?"

"Gajere ne. Ga mai irin aikina, mai kare mai jefa ƙwallo ta gefe, tsawon inci talatin da uku suke so. Nawa bai kai ba."

"Da nawa?"

Ya nuna mata da yatsu biyu. Ko kaurin farce bai kai ba.

"Wato manyan mutane masu jiragen sama sun zauna, sun sha kofi, sun yanke cewa kai ƙaramin yaro ne," in ji Shavonne. "Ka gaya wa Mama?"

"Kin ga fuskarta kuwa ranar Lahadi? Yaya, don Allah kada ki gaya mata. Ki sami Kawu. In shi ya janye hasashensa, za ta mayar da abin Juma'a, babu wanda zai ji kunya."

Abin da ya tsaya wa Shavonne a rai ke nan. Ƙanen nata ƙato ne, amma tun yana ƙarami ko a aji aka kira sunansa sai gumi ya karyo masa. Yanzu za a zaunar da shi gaban gari guda da kyamara, a yi ta kiran sunayen 'ya'yan wasu har a tashi.

Ta tarar da Kawu a gareji da abin sauraro a kunne, yana gyara hasashensa na goma sha ɗaya. Duk sati sai ya fitar da sabo, kowanne kuma da bakinsa ya ce shi ne na ƙarshe.

"'Yar ƙanwata! Zauna, amma ba kan wannan ba, wannan kujerar baƙon shiri ce."

Ba a taɓa yin baƙo a shirin ba. Ta zauna kan bokitin fenti.

"Kawu, ka cire Jarrell daga zagayen farko."

Ya zare abin kunnen a hankali, kamar an zagi mahaifiyarsa.

"Wakilinsa ya ce ƙungiyoyin sun ce hannunsa bai kai ba."

"Sun ce! Madalla!" Ya tafa hannu. "Ke ba ki san watan da muke ciki ba? Watan ƙarya ne. Duk ƙungiyar da ta ce ba ta son yaro, to shi take so, tana tsoron wata ta riga ta ne. Da sun yabe shi da na damu."

"In kuma da gaske ba sa son sa fa, me za su ce?"

"Haka za su ce."

"To yaya kake bambancewa?"

Ya nuna ƙirjinsa. "Shi ya sa Allah ya yi irinmu. Kuma ina da majiya. Mutumin da ya sayar mini da tayoyi, ɗan'uwansa ne ke gyara wa mataimakin kocin masu gurbi na ashirin da takwas lambu. Ya ga mataimakin kocin yana kallon wasan Jarrell ta taga."

"Ta taga."

"Sannan hannun nan ni da kaina na auna shi ranar Ista, da tef ɗin ɗinkin Verna. Talatin da huɗu ya ba ni."

"Kawu, tef ɗin nan ya girme ni. Da shi ta auna labulen da har yau yake share ƙasa."

"Ki je ki saya wa Mamanki ƙanƙara, Shavonne. Ki bar wa masana aikinsu."

Ta gwada Mama ma, ta bayan gida. Ta same ta a kicin tana jiƙa tarwaɗa a garin masara, ta ce ai Juma'a ta fi daɗin taro, mutane ba su da aiki washegari. Mama ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ranar Juma'a ɗana yana cikin jirgi zuwa ƙungiyarsa. Miƙo mini barkono."

Ranar Alhamis zauren ya cika har da mutanen da Shavonne ta tabbata ba su san siffar ƙwallon ba. Ga tarwaɗa soyayya, ga haƙarƙari, ga makaroni da cuku, ga shayin ƙanƙara da sukari ya yi masa yawa. An jera hulunan kan dogon tebur. An zaunar da Jarrell a tsakiya kan kujerar Fasto, cikin kwat ɗin da ta matse masa kafaɗa, wayarsa kife a gabansa.

Kafin a fara Mama ta karɓi makirufo.

"Ku saurare ni da kyau. Ƙungiya takan kira yaro a waya kafin a faɗi sunansa a talabijin. Saboda haka yau wayar nan ta mutum ɗaya ce, koci. Kada kowa ya kira wayar Jarrell. Ko gobara ce ta tashi a gidanka, kira 'yan kwana-kwana. Wanda ya kira, ni da shi ne."

Aka yi dariya, aka ce amin.

Na farko ya fito yadda Kawu ya faɗa. Ya miƙe ya zagaya zauren yana karɓar gaisuwa, duk da cewa ko jaririn da aka haifa jiya ya san wanda za a ɗauka na farko. Na biyu ya saɓa. Na uku ya saɓa. Na huɗu wani yaro aka kira wanda babu shi sam a takardar Kawu.

"Wannan ƙungiyar ba ta san abin da take yi ba," ya gaya wa teburin dattawan coci. "Shi ya sa suke inda suke."

Aka kai na goma sha biyar, ƙungiyoyin da ba su san abin da suke yi ba sun kai goma sha huɗu.

"Cleo," in ji Dattijo Purvis, yana tsotsar ƙashi, "takardar nan taka ta bana ce kuwa?"

"Ci namanka, Purvis."

Shavonne ba ta iya cin komai ba. Tana tsaye bayan kujerar Jarrell tana kallon gumi na gangarowa cikin wuyan rigarsa. Duk sunan da aka kira sai mai kyamara ya matso ya haska fuskarsa, ko zai samu wani abu. Jarrell yana ta murmushi irin na mai ciwon haƙori. Mama na gefensa, ta riƙe masa hannu, gajeren hannun nan, tana motsa baki.

Ana cikin na ashirin da bakwai Kawu ya ɗauki wayarsa ya fita, wai zauren ba sabis, kuma masu saurarensa na jiran sa.

Bai daɗe da fita ba wayar Jarrell ta fara ruri kan tebur.

Zauren ya tashi gaba ɗaya. Wata mata ta yar da farantinta. Mai kiɗan coci ya ruga ya hau piyano. Mama ta ɗaga hannu sama tana kiran sunan Yesu, hawaye na zuba. Jarrell ya juya wayar, Shavonne ta leƙa ta kafaɗarsa ta ga sunan da ke kai.

"Mama, tsaya..." in ji Jarrell.

Ina! Mama ta riga ta danna, ta buɗe muryar wayar, Fasto Gaines ya kawo makirufo ya manna wa wayar don jama'ar Allah su ji da kunnensu. Aka yi tsit.

"Jarrell! Ni ne, Kawunka!" Muryar ta cika zauren ta kowace lasifika. "Ka ji daga bakina kafin kowa. Masu gurbi na ashirin da takwas sun yi musayarsa, sun ba wata ƙungiya, su kuma mai gudu da ƙwallo suke nema. Talabijin ba su faɗa ba tukuna, ni na riga su! Sauran huɗun kuma babu mai buƙatarka, na duba. Kada ka gaya wa Mamanka yanzu, bari a gama cin abinci."

Mai piyano ne ya fara sauke hannunsa. Can baya wani yaro ya tambayi uwarsa ko kocin ne, aka toshe masa baki. Mai kyamara kuwa ya samu abin da ya zo nema, ya matso har yana taka igiyar makirufo.

Shavonne ta sha gabansa ta tsaya, bayanta ya rufe gilashin kyamarar.

"Malam, akwai haƙarƙari can. Je ka ci."

"Aikina nake yi, 'yar'uwa."

"Ni ma."

Mama ta kashe wayar da yatsa ɗaya. Ta share fuskarta da gefen rigar da ke ɗauke da hoton ɗanta. Jarrell ya miƙe, kujerar Fasto ta yi ƙara.

"Mama, na sani tun tuni. Wakilina ya gaya mini ba yau ba ne. Na kasa gaya miki."

Bai yi ƙasa da murya ba, makirufo kuma na nan kusa. Kowa ya ji.

Mama ta dube shi, ta juyo ta dubi Shavonne.

"Ke ma kin sani?"

"Na sani, Mama."

"Shi ne kika tsaya kina ce mini wai Juma'a ta fi daɗin taro? Bakinki ciwo yake yi?"

Mama ta karɓi makirufon daga hannun Fasto, wanda ya manta yana riƙe da shi.

"Jama'a, mun gode. Kowa ya ɗebi abinci ya tafi da shi, kada a bar mini ko cokali ɗaya. Ɗana yana nan lafiya, ba a kira shi yau ba, shi ke nan. Purvis, rufe ƙofar gaba, a fita ta baya."

"Cleo na waje fa, Earline."

"Na sani."

Mutane suka yi ta fita suna bubbuga kafaɗar Jarrell, kowa da farantinsa lulluɓe. Ta ƙofar gaba ana jin Kawu yana ƙwanƙwasawa, yana cewa a buɗe, yana da sabon bayani. Anti Verna ta wuce ta gaban ƙofar da kwanon makaroni ba ta ko waiga ba.

Da zauren ya zama sai su uku, Mama ta zauna ta tuɓe takalmanta. Talabijin na ta yi, ana rungumar wani yaro a wani gari.

"Gobe ne?"

"Wataƙila gobe. Wataƙila jibi."

"Amma za a kira?"

"Za a kira, Mama."

"To a falo za mu zauna, mu uku. Cire kwat ɗin nan kafin ta shaƙe ka. Shavonne, zubo wa ƙanenki abinci, tun rana bai sa komai a bakinsa ba."

Jarrell ya cire kwat ɗin, ya sauke numfashi, ya jawo farantin da hannu biyu.